Tsohuwar Caina da fulas ɗinta

Ina shiga ɗakin masu jego a wani asibiti a nan Bronx, sai ga 'yata Rabi, wadda ta haihu jiya, da kofin ruwan ƙanƙara a hannu.

"Rabi, sanyi zai kama ki!"

"Mama, nan Amurka ce. Nas ce ta ba ni."

Sai wata tsohuwa 'yar Caina, mai jinyar 'yarta a gadon kusa, ta taso ta zare kofin, ta tsiyaya wa Rabi ruwan zafi mai citta daga fulas ɗinta.

'Yar tata ta yi dariya, ta ce da Turanci, "Ku yi haƙuri. A wurinmu mai jego wata guda ba ta taɓa sanyi. Mu 'yan zamani mun daina, shi ne mahaifiyata ta biyo ni da fulas tun daga Caina."

Na ce, "Gaya mata namu arba'in ne."

Da aka fassara mata, tsohuwar ta kama hannuna tana jijjigawa kamar ta ga 'yar uwa.

Rabi kuwa ta shanye tas, har da neman ƙari.

Iyaye mata, ku ma sai baƙo ya sa baki yaranku ke ji?