Yajin Jegon Da Na Daka, Ni Na Cinye Shi

Assalamu alaikum. Na san an daɗe ba a ji ɗuriyata a nan ba. Masu cewa na tafi Turai na manta da mutane, ku yi haƙuri, ban je ko'ina ba. Ina nan Tudun Wada a Gusau, jinya na yi.

Da tari abin ya fara. Sana'ata dakan yaji, shi ya sa ban ɗauke shi a bakin komai ba. Wa ke dakan barkono bai yi tari ba? Daga baya sai zazzaɓin yamma, sai gumi, sai riguna suka fara yi mini yawa.

A lokacin 'yata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, tana da tsohon ciki a ƙasar da mijinta ke aiki. Haihuwar fari ce, a ƙa'ida gida za ta dawo wanka. Mijin ya ce gwamnatin can ta sa Zamfara cikin wuraren da ta gargaɗi mutane kada su je, wurin aikinsa ma ba su yarda ba. Na ce masa mu da ke ciki fa? Aka tsaya a kan ni zan je in yi mata jego.

Na zage na daka yajin jego mai kyau, na tanadi kanwa da gero, na yi odar kilishi. Sai 'yar tawa ta kira ni.

"Inna, ba a shiga da nama hwa. Kuma tunda za ki daɗe, sai an ɗauki hoton ƙirjinki a Abuja kahin su ba da biza."

Na ce su ba su zuwa garinmu, mu kuma sai an leƙa cikin ƙirjinmu. Na yi faɗana na gama, na shiga mota da ƙanena Sani, muka bi ta Tsafe kowa na addu'a a ransa.

An ɗauki hoton, aka ce in jira. Sannan aka ba ni 'yar roba in tofa majina. Da sakamako ya fito, likitar ta ce tarin fuka ne, wato tibi. Babu biza sai na warke.

Ban yi kuka ba. Haushi na ji, na kuɗin mota da na gwaji da na masauki da suka tafi a banza.

Da muka dawo, Sani ya ce ya san wani mai gyara irin wannan takarda, a fito da ita fes. Raina ya so. A asibitin Gusau, ranar da zan fara karɓar magani, na tambayi likita ko mutum zai iya tafiya da ƙwayoyinsa ya sha a can. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Hajiya, in kin isa, wa za a fara miƙa miki?"

Na ce jaririn.

"A ɗaki ɗaya za ku kwana, taga a rufe saboda sanyi?"

A ranar na ce wa Sani ya bar maganar.

Wata shida ana shan magani, kullum da safe kafin a ci komai. Maganin kyauta ne, abinci da kuɗin Keke Napep ne suka ci aljihu. Fitsari ya koma ja, an gaya mini zai yi haka, duk da haka na tsorata. Gaɓoɓina suka yi ciwo. Aka ware mini kofi da kwano. Masu sayen yaji suka ɗauke ƙafa, ban ga laifinsu ba. An gwada mutanen gida, kowa lafiya.

Ta haihu ina wata na biyu da fara magani. Namiji. Wata maƙwabciyarta 'yar Ghana ce ta riƙa dafa mata ruwan wanka. Ranar suna ina kan tabarma da takunkumi a fuska, ina kallo ta waya. Wannan kam ya yi mini ciwo.

Ƙanwata ta zo daga Bungudu ta zauna da ni. Da ta ga ba na cin abinci, ta buɗe robar yajin jegon ta barbaɗa mini a farfesu.

"Ci, Yaya. Ai ke ce mai jegon yanzu."

Haka na cinye shi tas, har da kilishin.

An sake gwajin majina, an ce na warke. Alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan asibiti, da ƙanwata, da Maman Ngozi mai shago da ba ta taɓa fasa shigowa gaishe ni ba.

Shawarata: tari in ya wuce mako biyu, a je a gwada, kada a ce sanyi ne. In an fara magani a kai shi ƙarshe, ko an ji sauƙi. Mai shirin tafiya kuma ya yi gwajin gaskiya, kada ya sayi takarda.

Har yanzu ina ganin ba a kyauta mana ba da aka shafa wa jiharmu jan fenti gaba ɗaya. Amma dokar hoton ƙirji, na daina zaginta.

Angon nawa ya fara rarrafe, bai san hannuna ba tukuna. Idan ya yi barci, nakan sa uwarsa ta kara masa wayar kusa da hanci. Numfashinsa nake saurara, yana shiga yana fita, babu tari.