Mai Sayen Takalmin da Ya Ƙi Ɗaukar Wayata

Shekarun baya kaɗan, lokacin da biyan kuɗi ta waya ya fara kankama a kasuwarmu, ƙanwata ta tasa ni gaba sai na buɗe shafin sayar da kaya a intanet. Ni mai shagon takalman fata ne a Zongo, irin waɗanda ake kawo mana daga arewa, kuma duk wanda ya san ni ya san da baki nake ciniki. Mutum kan shigo tambayar hanya ya fita da takalmi a leda. Don haka da ta ce wai mai saye zai ga hoto, ya danna, ya biya daga asusun wayarsa ba tare da ko gaisawa mun yi ba, dariya na yi mata.

"Yaya, kai dai ba ni katin shaidarka da takardar shago," in ji ta. "Sauran aikina ne."

A wani farmasi take aiki a unguwar Agontinkon, ta fi ni sanin waɗannan abubuwa nesa ba kusa ba. Ta jera takalman a kan farin ƙyalle ta ɗauki hotuna, ta haɗa shafin da lambar wayata, ta tafi. Kwana tara shiru. Ni da na yi dariya, ni ne kuma nake zaro waya kowane lokaci ina dubawa, in na ga babu komai in ce rezo ne, wato sabis ɗin waya, ba kyau.

Ranar wata Laraba bayan azahar, ina zaune ina goge kaya, sai waya ta yi ƙara. Saƙo ne: an biya kuɗin takalmin nan ja mai ɗinkin zare a sama, wanda ya fi kowane tsada a shagon. Babu tayi, babu "rage mini". Jama'a, ban san lokacin da na fito titi ba takalmi a ƙafata ba, ni mai sayar da takalmi! Na nuna wa maƙwabcina mai dardumai, na nuna wa mahauci, har ɗan zem, mai babur ɗin haya, da ya tsaya jiran fasinja sai da na tura masa waya a fuska. Na ce wa mai shayi ya zuba wa duk mutanen layinmu, ni zan biya. Sannan na kira ƙanwata ina ihu.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Barka, Yaya. To lamba nawa yake sawa?"

Ashe mun manta ba mu sa wurin zaɓen lambar ƙafa ba, balle wurin rubuta unguwa. Lambar wayarsa kawai muke da ita.

Na ce abu mai sauƙi, bari in kira shi, dama ina so in ji muryar wannan mutumin kirki. Wayar ta yi ƙara, aka katse. Na sake, aka katse. Na koma aika saƙon murya: na yi da Hausa, na yi da guntun Faransancina, har harshen Fon ɗin da nake sayen kifi da shi na gwada. Shi kuwa sai rubutu yake turowa da Faransanci. Ni karatun bokona bai yi nisa ba, kalma ɗaya na gane a ciki, wato Asabar. Maimakon in nemi mai karanta mini, sai na ƙara kira.

Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Alhaji, wannan abin bai kwanta mini ba. Mutum ya biya, kuma ya ƙi magana? Irin dabarar 'yan damfara ke nan. Mayar masa da abinsa ka huta."

Na buɗe wayar da niyyar mayarwa, sai na ɗaga kai na ga mutanen layi suna kurɓar shayina. Kunya ce kawai ta hana ni, ba hikima ba.

Washegari da safe sai ga hoto: ƙafar mutum a kan farar takarda, da tef ɗin awo a gefe, da alamar taswira ta wani wuri a unguwar Houéyiho. Ƙanwata ta zo lokacin hutunta na rana ta karɓi wayar. Tana karantawa ta dafe kai.

"Yaya! Tun jiya bawan Allahn nan yake rubuto maka cewa ba ya ji. Kurma ne. Ya ce don Allah ka daina kira, ka rubuta. Ranar Asabar za a ɗaura masa aure, takalmin da zai sa ke nan."

Na ƙirga saƙonnin muryar da na tura masa. Goma sha ɗaya. A ɗaya har faɗa na yi masa a kan rashin ladabi.

Ban ba kowa aike ba. Na ɗauki lambobi uku daban-daban na ja ɗin nan, na hau zem da kaina. Wurin ashe shagon kafinta ne, ga wani dogon saurayi yana goge ƙofa, mahaifiyarsa na zaune a benci ta kawo masa abinci. Mutuniyar arewa ce, da Hausarta garau. Yana ganin ledar ya ajiye aiki, ya wanke ƙafa, ya gwada. Na biyun ya zauna masa daram. Ya taka zuwa bakin titi ya dawo, ya sake zuwa, sannan ya cire ya goge ƙurar katakon da gefen rigarsa, yana ta murmushi.

Na ce, "Hajiya, ki ba shi haƙuri, na dame shi da kira."

Ta yi masa magana da hannu, ya fashe da dariya, ya mayar mata. Ta ce, "Wai ya san ka. Bara ya tsaya a shagonka ya nuna takalmin nan, ka yi ta zuba masa magana, mutane suka taru suna kallo, sai ya juya ya tafi." Sai ta ƙara da cewa, "Ɗan nan nawa, tun yana ƙarami ko hula zai saya sai an raka shi, wani ya yi magana a madadinsa. Wannan ne abu na farko mai daraja da ya zaɓa, ya biya da guminsa, babu kowa a tsakani. Jiya har gida ya zo ya nuna mini saƙon biyan kuɗin."

Ashe ranar Laraban nan ba ni kaɗai nake yawo ina nuna wa mutane waya ba.

Na je ɗaurin auren. Bayan an shafa fatiha abokansa suka kewaye shi, da yawansu kurame, hannaye na ta tashi kamar ana gardamar siyasa. Wani ya nuna ƙafar ango, ango ya nuna ni. Sai na ga ana ta zaro wayoyi. Kafin in gama cin shinkafata aljihuna sai rawa yake yi da saƙonnin ciniki, ni kuma ina ta washe baki kamar ni aka ɗaura wa.

Mun gyara shafin a makon nan: lamba, launi, unguwa, komai a rubuce. Na kuma zauna ƙanwata ta gyara mini karatu, da furfurata. A da na ɗauka amfanin abin shi ne in samu masu saye daga nesa. Ban san akwai waɗanda ke wucewa ta ƙofata kullum ba, hanyar shigowa ce kawai ban bar musu ba.

Yanzu kusan kowace Lahadi da la'asar shi da abokansa kan zo su cika bencin shagona, su yi ta musun ƙwallo da hannu suna ƙyaƙyata dariya. Na koyi alamar gaisuwa da ta godiya, sauran duk wuce ni suke yi. Nakan zauna a tsakiyarsu ina bin hannaye da ido, ina dariya a makare. A bencin nan dai, ni ne wanda ba ya ji.