Guɗar Hajiya Sailuba

A gidan Dakta Umaru da ke garin Bowie, can ƙasar Turawa, ana iya zama komai a rayuwa, muddin ana sa farar rigar asibiti a wurin aikin. Babban ɗansa Haidar ya karanci haɗa magunguna, aka yi walima. Ƙanwarsa Hairat kuwa, Allah Sarki, goge ta ɗauka.

Ba ita ta nema ba. Tana aji huɗu a firamare aka raba wa yara kayan kiɗa, ƙananan gogen da kowa ke rububi suka ƙare kafin layi ya zo kanta, sai aka miƙo mata bayola. Ita ce ta tsakiya a cikin gogen Turawa, muryarta ba siririya ba, ba kuma ƙatuwa ba, ba a lura da ita sai in ta yi shiru. Uwarta Hajiya Sailuba ta yarda ne kawai don wata maƙwabciya ta rantse mata cewa makarantun likitanci na son yaran da suka iya kiɗa. Aka tura yarinya ɗakin ƙasa, tsakanin buhun shinkafa da firizar naman rago, ta yi ta goga har ta girma. Ranar da ta ce makarantar kiɗa za ta shiga, Hajiya ta yi salati ta sanar da Ubangiji, ta ce, "Mu da muka ba ki tsani, sai kika zauna a kansa?"

Daga nan aka shiga gyaran magana. Duk wanda ya tambaya a wurin suna ko filin idi, amsa ɗaya ce: "Hairat? Malamar makaranta ce." Ba ƙarya Hajiya ta yi ba, don kuwa Hairat tana koya wa 'ya'yan masu hali riƙe goge da yamma. Amma kalmar makaɗiya ba ta taɓa fita daga bakin Hajiya ba. A Kano inda ta tashi, makaɗi mutum ne da ake yi wa liƙi a sallame shi, ba ɗan gida ba. Ita kuma Hairat, da shekara talatin da 'yan kai, abin da take so a duniya bai wuce uwarta ta faɗi sana'arta da sunanta a gaban mutane ba. Abin yana cinta, ko da yake in ka tambaye ta za ta ɗaga kafaɗa ta amsa da Turanci cewa bai dame ta ba.

A ƙungiyar kiɗan su Hairat su huɗu ne, duka mata. Shugabarsu Najiba ce, 'yar Afganistan da ta tashi a garin Alexandria da ke kusa da su, mai riƙe da gogen gaba. Sana'a ce ta alfarma ƙwarai: su yi kiɗa a bikin Turawa cikin gonar inabi sauro na cizo, su yi a jana'iza, su yi a liyafar kamfani inda ba mai sauraro sai mai raba lemo. Sauran lokacin kuma suna cikin cunkoson mota.

Sai ga wata jami'a tana neman irinsu ta ɗauka aiki na dindindin, da sharaɗin su aiko da wasan da aka naɗa a gaban jama'a. Najiba ta kama zaure a Alexandria, aka sa ranar Lahadi bayan azahar, aka buga sanarwa da hotonsu. Sanarwar nan ba ta zarce ko'ina ba sai wayar Hajiya Ramatou, 'yar Maraɗi mai sayar da atamfa, wadda labari ba ya kwana a hannunta. Ta watsa shi a zauren hirar matan unguwa na waya, ta ɗora da murya: "Hajiya Sailuba, ashe ɗiyarki makaɗiya ce ba mu da labari? Wallahi sai mun tafi mun gani!" Kowa ya san ba kiɗa za a je kallo ba, fuskar Hajiya Sailuba za a je kallo. Dole ta ce za ta je.

Hairat ta zo gida ta durƙusa tana roƙo da 'yar Hausarta. "Umma, don Allah ki faɗa musu. Ba waya, ba liƙi, ba tafi sai mun miƙe tsaye. Ana naɗa ne."

"Wane irin taro ne wannan, zaman makoki?"

"Haka ake yi, Umma."

"To, mun ji. Ai ni ba don daɗi zan je ba."

Ranar ta zo. Tsofaffin Turawa sun zauna tsit da takardun shiri a hannu, sai ga rundunar matan Bowie da maƙwabciyarta Mitchellville ta shigo cikin anko shuɗi, turaren wuta ya riga su isa kujera. Hajiya Sailuba ta zauna a tsakiya, ta haɗe rai, ta rungume jaka. Kashi na farko ya wuce lafiya, in ban da wata da ta nemi a ba ta hanya ta ɗauki hoto.

A kashi na biyu ne bayola take samun bakin magana. Sauran ukun suka sassauta, Hairat ta rufe ido ta ja waƙar ita kaɗai, a hankali, kamar mai rarrashin yaro mai zazzaɓi. Ba ta taɓa kaɗa ta haka ba, ita ma ta sani. Ta sauke sautin ƙarshe siriri, su huɗun suka tsaya da sandunan gogensu a sama. Wannan shirun ma cikin kiɗan yake, don shi suka yi makonni suna gwaji, kuma zauren ya riƙe numfashi yadda ya kamata.

"Ayyiriri yiriri!"

Guɗa ce, cikakkiya, mai tsawo, ta daki rufin zauren ta dawo. Wani tsoho ya saki takardarsa. Mai naɗar sauti ya fizge abin kunnensa. Najiba ta runtse ido kamar an taka mata yatsa. Hairat ta ji kunya ta rufe ta, ta ɗago a fusace tana neman Hajiya Ramatou, sai ta gan ta a zaune baki buɗe. Wadda ke tsaye, ta kama hanci, mayafi ya zame, Hajiya Sailuba ce, matar da ko a bikin Haidar sai da aka ɗauko mata maguɗiya don ita ta fi ƙarfin wannan.

Suka ƙarasa wasan dai. A bayan fage mai naɗar ya ce guɗar ta hau kan wutsiyar sautin, in an yanke ta an yanke shi. Najiba ta shiga goge gogenta da ƙarfi. Aikin jami'a kuwa, sai dai su sake kama zaure ko su aika a haka su jira abin da Allah zai yi.

Hairat ta fito ta tarar da uwarta a bakin ƙofa cikin matan anko. "Umma, me na roƙe ki?"

"Na ji roƙonki sarai," in ji Hajiya, idonta ya yi ja. "Amma ki yi wannan abu, ki gama, ɗaki cike da mutane ba wanda ya ce miki ko sannu? Na duba dama na duba hagu, kowa ya yi gum. Na ce ashe haka suke yi miki duk shekarun nan, ni kuma ina gida?"



Hajiya Ramatou ta matso da murmushinta. "To Hajiya, malamar makaranta ta yi ƙoƙari."

Hajiya Sailuba ta gyara mayafi, ta karɓi akwatin bayola daga hannun 'yarta ta rataya a kafaɗarta.

"Wace malama? Makaɗiya ce. Ni na haife ta."