Jibrilla Kafinta da Jajen da Ya Kai Shi Kotu

Kafin masu shayin Yelwa su hura wuta, Malam Jibrilla ya riga ya buɗe rumfarsa, ya share ɓarɓashin katakon jiya, ya saƙale fensir a kunne. Haka ya yi shekara da shekaru yana haɗa wa matan Mubi kabad na kicin. A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar ya koma gona a Muchalla, kuma ba tsufa ne ya kore shi ba.

Duk wadda ya yi wa aiki ta san al'adarsa. Ba ya fara awo sai ya bi bangon kicin yana shafawa da bayan hannu, kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗa. Madam Anita, mai gidan abinci kusa da tasha, har yau tana ba da labarin yadda ya ajiye tef ɗin awo ya ce mata, "Madam, bangon nan ya yi zafi. Kira mai gyaran wayar wuta tukuna, ni katako ne aikina." Ta yi ta mita, ta ce ya cika iyayi. Da aka fasa wurin sai ga waya an ɗaure ta da ledar burodi.

Wannan bayan hannun ne ya ji ɗumi a gidan Alhaji Alhassan, wani ɗan kasuwa da ya kira shi ya sabunta wa matarsa, Hajiya Safiyatu, kicin. Jibrilla ya same shi a tsakar gida, ya rusuna ya ce, "Alhaji, wayan bayan firij ɗin nan ya tsufa, yana zafi. A canja shi kafin in rufe."

Alhaji ya yi dariya. "Wayar nan ta girmi ɗanka na fari, ba ta taɓa cin kowa ba. Katako na kira ka yi min ko wa'azi?"

Hajiya tana bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai ba. Jibrilla ya sake faɗa, Alhaji ya sake kore maganar. To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji mutane, kuma talaka ba ya yi wa mai gida gardama sau uku a gidansa. Ya kafa kabad, ya bar sarari a bayan soket ɗin don ya sha iska, ya tafi.

Bayan damina, wata rana da hantsi, aka kawo wuta da ƙarfi. Bangon ya kama, katako ya taya shi. Babu rai da ya salwanta, sai dai kicin ya zama gawayi, Hajiya kuma ta ƙone a hannu garin fitar da tukunyar gas.

A nan Jibrilla ya yi kuskuren da sai ɗan halak ke yin irinsa. Yana jin labari ya hau keke-napep ya tafi jaje. Ya zauna a tabarma cikin maƙwabta, ya ga Alhaji ya yi zuru, tausayi ya kama shi, ya ce, "Alhaji, Allah ya mayar da alheri. In an gyara ɗakin, katako da aiki a kaina, ba sai ka biya ba." Aka yi ta sa masa albarka. Haka muka taso: wanda gobara ta ci, mai buhu ya kawo buhu, mai sana'a ya kawo hannunsa.

Sati bai zagayo ba sai ga sammaci.

A kotu lauyan Alhaji bai wahalar da kansa da maganar waya ba. Cewa ya yi hannun ƙarshe da ya taɓa bangon na Jibrilla ne, ya huda waya da ƙusa ya rufe. Sannan ya kira biyu daga cikin waɗanda suka zauna a tabarmar nan, suka rantse cewa sun ji tayin da kunnensu. Ya juyo ya ce, "Malam Jibrilla, ka taɓa ganin wanda ya biya abin da bai ɓata ba?"

Jibrilla ya ce, "Ranka ya daɗe, jaje ne na je."

Aka tambaye shi wa ya ji lokacin da ya gargaɗi Alhaji. Ya san wadda ta ji. Ya dubi ƙasa, ya ce shi ba zai sa matar aure ta tsaya gaban alƙali ta ƙaryata mijinta ba. Lauyansa ya dafe kai.

Shari'a ta yi ta jan ƙafa, yau ɗagawa gobe ɗagawa. Daga ƙarshe alƙali ya ce ba a nuna masa ƙusa ko ɗaya a jikin waya ba, ya kori ƙarar. Amma wa ya ji? Ranar sammaci gari duka ya sani, ranar hukunci ko masu shayi ba su tanka ba. An riga an shafa masa kashin kaji. Mata na cewa, "Wane Jibrilla? Mai ƙona kicin?" Rumfar da ake layi a gabanta ta koma wurin hutun awaki. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne darasin da sauran masu sana'a suka ɗauka. Yanzu in gidan da suka yi wa aiki ya yi gobara, ko hanyar ba sa bi. In ka yi magana su ce, "Ba ka ga Jibrilla ba?"

Kai ne, Jibrilla na Muchalla, ka ji zafin bangon da masu shi ba su ji ba. Kai ne ka rufa wa gida asiri alhali gidan yana tona naka da ƙarya. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Naka dai mun ga inda ya faɗa, muna tsaye, ba mu ce uffan ba.

Makon jiya yana ɗaure zarto da guduma a buhu, Juwairiya, ƙanwar Hajiya Safiyatu, ta tsaya a bakin rumfar. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, Hajiya ce ta aiko ni. Ta ce in ce maka, ranar nan ta ji."

Ya ƙulle bakin buhun da igiyar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Na sani, 'yata. Yaya hannun nata? Ya warke?"

Mun gode, Malam Jibrilla, ko da godiyar ta zo ana shirin rufe rumfa. Ku kuma masu gida, in mai aiki ya ce bango ya yi zafi, ku kira mai waya. Masu sana'a, ku ci gaba da zuwa jaje, kada lauya ya raba mu da abin da muka gada. Wanda kuma ya ji gaskiya, ya faɗe ta tun tana da amfani.