Kuncin Hagu na Motar Namata

Ina da wani ra'ayi da na daɗe ina riƙe da shi, ko da yake babu wanda ya taɓa tambayata: mai son sanin tarbiyyar mutum kada ya dubi rawaninsa ko takardun shaidarsa, ya dubi ɗan tsagin da ke tsakanin ƙofar motarsa da gefen gabanta. A nan haƙuri da gaggawa suke barin sawunsu. Shekara talatin na yi ina koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, amma ba a littafi na samo wannan ba. Wurin yayana Namata na samo shi, mutumin da bai taɓa zama a aji ba, wanda a wannan makon ya cika shekara tara da rasuwa. Allah ya jiƙansa.

Namata direban motar haya ne. Daga tashar Dogon Dutsi yake lodi zuwa Sukukutane da Dogon Kiriya, hanyar da rairayi ke cinye mota tun tana da sauran ƙuruciya. Tasa ta tsufa, amma ba ta kwaramniya, kuma da wannan aka san shi. Direbobi sukan kawo masa tasu ya rufe ƙofa sau ɗaya, ya saurara, ya faɗi abin da ya goce. Ba shi da gona mai girma, ba shi da sarauta. Abin da yake da shi a garin nan shi ne a ce idon Namata ba ya kuskure.

Wata shekara bijimi ya gitta masa a hanya, gaban motar ya lotse. Ƙarfen kuwa tuni tsatsa ta gama da shi, sai ya sa aka kawo masa na fiba daga ƙetaren iyaka: murfin inji, da gefuna biyu masu rufe tayoyin gaba, waɗanda shi kumatu yake ce musu. Fiba zaren gilashi ne da ake haɗawa da danƙo a ƙera, ba nauyi, ba tsatsa. Sai dai ba masu motar ne suke ƙera shi ba, don haka kusan daidai yake zuwa. Sauran aikin na mai mota ne, a tsakar gidansa.

Ga yadda Namata yake gwaji. Ba ya huda, ba ya yanka, ba ya shafa fenti. Ya rataya kowane kunci da waya, ya ɗauki tsagin karan dawa ya bi da shi tsakanin ƙofa da kuncin, daga sama har ƙasa. Inda karan ya maƙale ya sa alama da gawayi. Ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya ja baya, ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya. In zai rage, da magagari yake ragewa, kaɗan-kaɗan, sanye da riga mai dogon hannu, ya naɗe hanci da rawani, don ya ce ƙurar abin ta fi ƙaiƙayin hatsi cizo. Kwana uku yana wannan. Ni kuwa ana hutu, ina zaune gindin bishiyar bedi da littafi, ina ba da shawarar da ba a nema ba.

Na ce, "Yaya, da ka auna da santimita, da tun shekaranjiya ka gama."

Ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakkwal, ya ce, "Mushe, wagga mota ce, ba allo ba. Bar shi shi sha rana, shi saba da ita."

Rana ta huɗu ya tafi bikin suna a ƙauyen Kiyeshe. Fitarsa ke da wuya na ɗauko ma'aunin katako na aji da guntun alli. Na sauke kumatun biyu na shimfiɗa a tabarma, na auna. Na hagu ya fi na dama tsawo da yatsa biyu a bakin da ke kallon ƙofa. A wurina magana ta ƙare: mota hagunta da damanta ɗaya ne, wannan ko ƴan aji huɗu sun sani. Na ja layi, na sa zarto. Dole in faɗi gaskiya, layin ya miƙe ƙwarai.

Da na mayar da kuncin, sai ga giɓi, hannu yana shiga. Abin da ma'aunina bai sani ba shi ne motar kanta ta daɗe da daina zama daidai. Rairayi da lodi da bijimi sun ja ɓangaren hagu, kuma wannan rarar da na zubar ita ce Namata ya yi kwana uku yana lallaɓawa. Na share garin fibar, na binne guntun da na yanke bayan rumbu, na koma gindin bedi na buɗe littafi.

Da la'asar ya dawo. Ya tsuguna, ya sa karansa, karan ya faɗa ciki. Ya daɗe a tsugune.

"Mushe, wani ya shigo?"

"Babu kowa, Yaya."

Da a nan na tsaya, da ƙarya ɗaya ce. Amma malami ba ya iya barin shiru ya zauna lafiya. Na shiga bayani cewa rana ce ta sa abin ya tsuke, ni da nake koya wa yara kowace shekara cewa zafi buɗa abu yake yi. Na zagi masu ƙera kayan, mutanen da ban taɓa gani ba. Ya saurara har na gama, ya ce, "To. Ku ne masu karatu."

Wani kuncin ba zai samu da wuri ba, mutanen ƙauye kuma suna jiran mota. Ya toshe giɓin da yankin robar taya, ya ɗaure, ya fita. A tasha aka sa wa motar suna Mai Wushirya. Da kunnena na ji wani direba yana ce masa, "Namata, ido ya hwara tahiya ko? Mu samo maka tabarau irin na Mushe." Aka yi dariya, ni ma na murmusa. Sannu a hankali masu kawo masa mota ya saurara suka ragu. Shekara shida ya yi yana tuƙa ta haka. Na sha zama a kujerar gaba, ina ganin bakin robar yana kaɗawa, ina yi masa hirar siyasa. Da ya kwanta ciwon ajali na zauna bakin gadonsa sau da yawa, kullum da maganar a bakina, kullum sai in ƙare da tambayar ko an yi ruwa a Tibiri.

Yau samari a waya suke zaɓen irin waɗannan kaya, su iso da safe, kafin azahar an huda an ɗaure an fesa fenti. Nakan tambayi kaina me Namata zai ce. Ina jin ba zai ce komai ba, zai nemi karan dawa ne kawai. Ni nakan so in tsaya in yi musu huɗuba kan haƙuri, sai in tuna wane ne zai yi huɗubar, in wuce.

Makon jiya na je gaida matarsa Hajo, da jawabi a shirye, na kwana biyu ina tsara shi. Motar babu ita, masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe ta tuni. Fiba kuwa ba sa ɗauka. Kuncin hagu yana nan jingine da katanga, kaji na shan inuwarsa. Na duƙa na duba. A bakin sama ga sawun magagarinsa, a hankali, kamar wanda ke aske jariri. A bakin baya ga zartona, miƙaƙƙe. Abin da ya rage na aikin hannunsa a duniya ke nan, kuma rabinsa ɓarnata ce.

Na zauna na faɗa mata komai. Na ce shekara goma sha biyar nake ɗauke da wannan ni kaɗai, babu wanda ya sani sai Allah. Na ce abin da ya fi ci mini rai shi ne ya tafi bai san wanda ya zubar masa da suna ba.

Hajo ba ta ɗaga kai daga tsintar wake ba.

"Haba Mushe. Wa kake tsammani ya aike ni in kai maka ruwan randa da sabulu rannan? Cewa ya yi kak a ba ka na zahi, shina ƙara ƙaiƙayi."

Da riga mai gajeren hannu na yi yankan. Kwana uku na yi ina susa a gabansa.