Waƙoƙin Makiyayan Amurka a Ƙofar Ɗakinmu

A daminar farko bayan an sauya wa ƙasarmu suna daga Dahome zuwa Benin, wata Lahadi da la'asar, Baba ya shigo gidanmu na unguwar Zongo a Kwatano yana taka ruwan da ya kwanta a tsakar gida har idon sawu, takalmansa a hannu, ya rungume wani ƙunshi a ƙirjinsa. Direban babbar mota ne, yana ɗauko wa fatake shanu daga arewa zuwa Kwatano, kuma kullum da warin kashin shanu da na man mota yake dawowa, idanunsa jawur. Ko ruwa bai sha ba ya zauna a bakin ƙofa ya kwance ƙunshin, sai ga rediyo mai kaset. Da ya danna, wata murya mai kauri ta fito a hankali, jita na bin ta, kamar mutumin da ya wuni yana tafiya ya samu gindin bishiya. Inna ta tsaya da jiƙa geron kunu ta ce, "Malam, wannan kuma wa ya mutu masa?"

Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Nakan tashi in kama layin ruwa, in share gaban ɗaki, in kai wa Inna itace bakin titi inda take suyar ƙosai, sannan in wuce lakwal, wato makarantar boko. Da yamma mu yi 'yar carafke da ƙananan duwatsu ko mu zana gala-gala a yashi. Amma duk ranar da Baba yake gida ba na zuwa wasa. Yakan miƙe ƙafafunsa da suka kumbura, in riƙa matsa masa, shi kuma yana ba ni labarin masu waƙar. Ba ya jin Ingilishi. Wani makanikin jirgin ruwa ɗan Gana ne da ke kwana a unguwar Placodji ta bakin teku ya sayar masa da kaset ɗin, ya kuma gaya masa labaran, Baba ya riƙe abin da ya riƙe, ya cike sauran da nasa.

"Uwata, kin ji mai muryar nan?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce ɗan manoman auduga ne, tun yana yaro ambaliya ta shafe musu gona, shi ya sa ko yana waƙar daɗi sai ka ji kamar yana duban sama. Matar da ke biye da shi a kaset ɗin kuwa 'yar mai haƙar kwal ce, ta tashi a kan dutse ba takalmi, ta koyi jita tana goye da ɗa. Akwai wani mai siririyar murya da Baba ya fi so, wanda ciwon baya ya hana shi sakat, yana ta yawon gari-gari yana waƙa har rai ya yi halinsa a kujerar bayan mota, direbansa na ta tuƙi bai sani ba. In Baba ya zo nan sai ya ɗan dafa kwankwasonsa. "Ashe can ma hanya tana cin mutane," in ji shi.

A lokacin kowace makaranta tana da gonarta. Mukan je da fartanya mu yi kunyar rogo da masara a yashin da ba ya riƙe ruwa, muna rera waƙoƙin juyin juya hali har maƙogwaro ya bushe. Bayan harin da sojojin haya suka kawo birnin, garin ya cika da zargi, ana tare mutane a hanya, ana kallon duk abin da ya fito daga Turawa. Ni ban san wannan ba sosai. Wata safiya ina cire ciyawa, na gaji, sai na kama gunagunin waƙar mai siririyar murya. Malaminmu ya tambaye ni ta ina ce, na ce da alfahari ta Amurka ce, babana yana da su da yawa. Ya dube ni, ya dubi yaran da suka ji, ya ce gobe in zo da mahaifina.

Da na faɗa a gida Inna ta zauna a kan turmi. Baba mutumin Nijar ne, takardunsa ba su cika ba, kuma kalma ɗaya daga bakin wani za ta iya raba shi da motar, ko ma da garin. Bai yi mini faɗa ba. Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a, muka je makaranta muka zauna a benci a ƙofar ofis har rana ta take. Shugaban makarantar, wani dattijo da shi ma gajiyar ta nuna a fuskarsa, bai ɗaga murya ba. Ya yi masa irin kiran 'yan juyin juya hali, ya ce, "Kamarad, ni ban ji komai ba. Amma yara suna da baki, unguwa tana da kunne. Ka taimake ni, ka taimaki kanka." Baba ya yi godiya da Faransancinsa na tasha, muka dawo gida a ƙasa.

Ranar ya naɗe rediyon a tsohon zanen Inna ya ɗora a saman kabad. Na yi kuka, ya ce, "Ba laifinki ba ne, Uwata. Abin da ya shiga kunne ai dole ya nemi baki." Labaran dai bai daina ba, sai dai yanzu babu jita a bayansu, kuma sau da yawa barci ke ɗauke shi kafin ya kai ƙarshe. Shekaru suka wuce, albashin ma'aikata ya riƙa maƙalewa, cinikin nama ya ja baya, bayansa ya ƙi tuƙin doguwar hanya. Lokacin da abubuwa suka sassauta har kowa ke jin abin da ya ga dama, na hau kujera na sauko da ƙunshin. Danshin teku ya riga mu. Zaren kaset ɗin ya manne, rediyon ya yi tsatsa. Baba ya juya shi a hannu ya ce, "Bar shi kawai. Sun gaji su ma."

Yanzu Zongo ta cika da benaye da ƙarar babura, jikokina kuma sukan nemo mini duk waƙar da na kwatanta a waya kafin in rufe baki. Na samu muryoyin nan duka, har na ji tarihinsu na gaskiya, wani wajen ya zo daidai da na Baba, wani wajen ya saɓa. Nakan saurara kaɗan in ce su kashe. Waƙar tana nan yadda take, mai ba ni labarinta ne babu.