Fuska ta Biyu a Tantin Mina

A Makka aka haife ni, amma fasfona kore ne, na ƙasar da ban taɓa takawa ba. Igamata, wato takardar izinin zamana, tana hannun kamfanin da nake yi wa gyaran na'urorin sanyaya tantunan Mina, kwangilarsu kuma ta kusa ƙarewa. In ta ƙare ban sami wani kafili da zai tsaya mini ba, sai a sa ni a jirgi a fitar da ni.

Lissafi kaɗai na iya a duniya. Shi ya sa na ƙwallafa rai a kan kamfanonin nan da ke saye da sayar da hannun jari da kuɗin kansu. Yawancinsu da sun ga kai baƙo ne, shiru za ka ji. Guda ɗaya a Dubai ya ce yana nema wa baƙo biza in ya ci jarrabawarsu ta kwamfuta. Sharaɗin shi ne kyamara a buɗe, kada a ga kowa a ɗakin sai kai, kuma sau ɗaya ake yi.

Mu tara ne a ɗaki biyu a unguwar Ka'akiyya. Umma ta ce, "Halas, shi ke nan, sai mu fita mu tsaya a waje har ka gama." Na ce, "A'a Umma, na san inda babu kowa." Ji nake na fi kowa dabara.

Wanda ya san Mina lokacin Hajji kawai bai san ta ba. A watan Rajab farin tanti ne har inda ido ya tsaya, ko tarin mutum ba ka ji. Ranar jarrabawar da hantsi na shiga ɗaya da kwamfutata na zauna. Akwai warin silifa a bakin ƙofa. Iska takan ɗaga gefen tantin ta saki, kamar wani ya leƙo ya fasa shigowa.

Na kai rabi, amsoshi suna zuwar mini a sauƙaƙe, sai jan rubutu ya fito: an ga fuska ta biyu. Na waiga, ba kowa. Na yi a'uziyya na ci gaba. Jan rubutun ya sake fitowa. A karo na uku jarrabawar ta rufe.

Na daɗe zaune ina tsoron juyawa. Da na daure na juya, sai na ga babban katin shaidar wani alhaji rataye a ƙarfen tantin, daidai bayan kafaɗata, iska tana jujjuya shi. Tsoho ne mai tsage a kumatu, ya zuba ido ba murmushi. A ƙasan hoton ga tuta, kore da fari da kore.

Na rubuta wa kamfanin, har hoton katin na tura. Na'ura ce ta amsa mini. Wallahi na yi kukan haushi.

A gida Umma ta karɓi katin, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Irin tsagen mutanen garin babanka ne." Ta goge shi da gefen mayafinta, ta buɗe fasfona ta sa shi a ciki.